Ƙwarin da Suka Zama Dutse: Ina Rabon Ƙasar Bakura a Wannan Bincike?

Duk direban da ya saba bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san ƙasa tana sauya kama a wajajen Talata Mafara. Daga Gusau ka bi ta Bunguɗu ka wuce Maru, manyan duwatsu ne masu tauri suke yi maka rakiya dama da hagu. Da ka bar Mafara ka doshi mararrabar Bakura da Tureta, sai duwatsun su janye, fili ya buɗe, a gefen titi ka fara ganin tsakuwa da jan yashi da laka a jere hawa-hawa. Wannan sauyi da matafiyi ke hange ta tagar mota iyaka ce tsakanin zamani biyu. Duwatsun baya zafin cikin ƙasa ne ya toya su fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, babu halittar da za ta bar alama a cikinsu. Na gaba kuwa ruwa ne ya shimfiɗa su sannu a hankali, kuma abin da ruwa ya shimfiɗa yakan binne duk abin da ya tarar: itace, ƙashi, ɓawo, wani lokaci har da fiffiken ƙwaro.

Masana duwatsu suna kiran wannan makekiyar shimfiɗa Iullemmeden, sunan da aka aro daga wata ƙabilar Buzaye. Ta mamaye yammacin Nijar, ta taɓa Mali da Aljeriya da Binin, ɓangaren da ya faɗo Najeriya kuma an laƙaba masa sunan Sakkwato. Hawa-hawan duwatsunta duk da sunayen garuruwanmu aka san su a littattafan duniya: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Na can ƙasa, wanda ya fi tsufa, shi ne na Gundumi, shi ne kuma ya leƙo fili a gefen Bakura da Tureta. Koguna da tafkunan wani tsohon zamani ne suka tara shi, kuma an samu itatuwan da suka koma dutse a cikinsa. Bayansa, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ta ratso Sahara daga arewa ta kwanta a kan ƙasar Sakkwato. Shaidarta tana nan. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihi na Landan ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka haƙo a wannan yanki, a 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, saboda Goronyo. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani tsohon kada ya kira shi Sokotosuchus. Farar ƙasar Kalambaina da ake toyawa a yi siminti cike take da ɓawon halittun teku. Cornelius Kogbe, ɗan Najeriya, ya shafe shekaru yana tsara tarihin waɗannan duwatsu, littafinsa na 1976 a kan duwatsun Najeriya har yau ɗalibai suna komawa gare shi.

To, an samu kada, an samu kunkuru, an samu kifi. Can arewa a Gadufawa ta ƙasar Nijar, Philippe Taquet da Paul Sereno sun tono dabbobin da girmansu ya wuce misali. Ina ƙwari? A yau ƙwarin da masana suka ba suna sun kai kusan iri miliyan ɗaya, fiye da rabin dukkan halittun da aka rubuta sunansu. Babu yadda za a yi a ce dazuzzukan da suka bar itatuwan Gundumi ba su da gara, ba su da kyankyaso, ba su da ƙuda. Amma in ka buɗe taswirar shahararrun wuraren da aka samo ƙwarin da suka zama dutse, za ka ga Turai da Amurka da Rasha da Sin a cunkushe da ɗigo, Afirka ta Yamma kuwa kusan fayau. Ra'ayina shi ne wannan giɓi ba na ƙwari ba ne, na masu nema ne. Don a fahimci dalili, sai an ga irin rayuwar da wannan nema yake ci.

Da farko dai, ƙwaro ba shi da ƙashi. In ya mutu a fili, kafin rana ta faɗi tururuwa sun kwashe shi. Ba ya wanzuwa sai ya faɗa wurin da ruɓa ba ta samun dama: laka mai laushi a ƙasan tafki marar motsi, ko tokar dutse mai aman wuta da ta rufe shi farat ɗaya, ko ƙaron itace da ya maƙale a ciki. Ko a hakan ma, mafi yawan lokuta fiffike kaɗai ke saura, domin shi ba nama gare shi ba, babu mai ci. Saboda haka ilimin nan kusan gaba ɗayansa a kan fiffike aka gina shi. Jijiyoyin da suka ratsa fiffiken kowane dangin ƙwari suna da tsarinsu na daban, masani yana karanta su ya faɗi dangin mai shi kamar yadda a da ake duban askar fuskar mutum a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bazamfare.

Mutumin da ya fi kowa ba da rayuwarsa ga wannan karatu a ƙarnin da ya wuce shi ne Frank Carpenter na Jami'ar Harvard a Amurka. An haife shi a 1902, ya rasu a 1994. Ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin William Morton Wheeler, babban masanin tururuwa, a kan tururuwan Amurka da suka zama dutse. Amma inda ya kafa sunansa wani ɗan ƙauye ne mai suna Elmo a jihar Kansas, inda akwai wata siririyar shimfiɗar farar ƙasa da ta taru a wani tsohon tafki kimanin shekara miliyan 280 da suka wuce. Aikin ba wani abin ƙawa ba ne. A zauna cikin rana da guduma, a ɗauki faifan dutse a tsaga, a duba, a yar, a ɗauki wani. In an dace da fiffike sai a naɗe shi a kai ɗakin bincike, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa cire ƙurar dutse da tsinin allura har jijiyoyin su fito, sannan a zana su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Jerin maƙalun da ya rubuta a kan ƙwarin Kansas ya fara shi a 1930, bai ajiye ba sai bayan shekara arba'in da 'yan kai. Babban kundinsa kuwa, juzu'i biyu da suka tattara dukkan jinsunan tsofaffin ƙwarin da aka sani, sai a 1992 ya fito, yana da shekara 90 a duniya. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

A 1939 ya bayyana wani ƙwaro daga Elmo da ya kira Meganeuropsis permiana, ɗan'uwan mazari, wanda in ya buɗe fikafikansa faɗinsu ya kai santimita 71, wato kusan kamu ɗaya da rabi. Ba a san wani ƙwaro da ya fi shi faɗin fiffike ba. Tun kafin nan an samu makamancinsa a ramin haƙar kwal na Commentry a Faransa, Charles Brongniart ya sa masa suna Meganeura a 1885. Me ya sa suka yi wannan girma, na yanzu ba su yi ba? Ƙwaro ba shi da huhu. Iska tana shiga jikinsa ne ta wasu 'yan ƙofofi a gefen ciki, ta bi ƙananan bututu har ta isa nama. In jiki ya yi kauri, iskar ba ta isa tsakiya da kyau. A wancan zamani sinadarin oksijin da ke cikin iska ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, yanzu kuwa kashi 21 ne. Wannan shi ne bayanin da ya fi yaɗuwa, amma ba shi kaɗai ba ne. A lokacin babu tsuntsu, babu jemage, sararin sama na ƙwari ne su kaɗai. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa daga lokacin da tsuntsaye suka bayyana, kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, ƙwari ba su ƙara yin irin wancan girma ba ko da oksijin ya ƙaru. Babban ƙwaro a gaban tsuntsu mai sauri abinci ne kawai.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Carpenter ba ƙaton mazarin ba ne, wata 'yar tururuwa ce. Masana sun daɗe suna cewa tururuwa daga dangin rina da zanzaro suka fito, har sun yi hasashen kamannin kakarsu ta farko. A 1966 wasu mata da miji masu sha'awar tara duwatsu suka tsinci guntun daskararren ƙaro a gaɓar teku a jihar New Jersey, da tururuwa biyu a ciki, masu shekara kimanin miliyan 90. Aka kai wa Carpenter. Shi da tsohon ɗalibinsa Edward Wilson da William Brown suka bayyana ta a 1967 da sunan Sphecomyrma freyi. Ƙugunta na tururuwa ne, muƙamuƙanta gajeru irin na rina. Hasashen ya yi daidai a wani wuri, ya kuskure a wani, domin sun zaci muƙamuƙin ne zai fara sauyawa kafin ƙugu, sai ga shi akasin haka. Suka rubuta kuskurensu a fili. Wannan ita ce darajar dutse a wannan ilimi: shi ne alƙalin da ke raba gardama tsakanin zato da abin da ya faru.

Daga aikin mutane irinsa, da na Alexandr Rasnitsyn a Mosko, da David Grimaldi da Michael Engel da suka fitar da babban littafinsu a 2005, an samu tarihin da za a iya taƙaitawa. Mafi tsufan halittu masu ƙafa shida da aka gani a dutse sun fito ne daga ƙauyen Rhynie a Sikotilan, shekarunsu kimanin miliyan 410, ƙanana ne marasa fiffike. Daga nan sai duwatsu suka yi kusan shiru na tsawon fiye da shekara miliyan 60. Wajen miliyan 325 sai ga masu fiffike, kuma ba da daɗewa ba suka cika duniya. Su ne halittu na farko da suka tashi sama. Wani gagarumin bincike na 2014, wanda ya kwatanta ƙwayoyin gadon ƙwarin da ke raye, ya ƙiyasta cewa asalinsu ya kai miliyan 479, tashi sama kuma miliyan 406, wato kafin abin da dutse ya nuna. Wannan tazara tsakanin lissafi da shaida ita ce babbar tambayar da har yau ba a amsa ba, kuma ba za a amsa ta ba sai an tono sababbin wurare.

Bayan fiffike, babbar baiwa ta biyu ita ce rikiɗa. Ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta naɗe kanta ta kwanta, ta fito da fiffike. Duk manomin da ya taɓa ganin tsutsar masara ya san wannan. Amfaninta shi ne ɗa da uwa ba sa takara a kan abinci ɗaya: tsutsa tana cin ganye, uwa tana shan ruwan fure. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwarin duniya masu irin wannan rikiɗa ne, wato buzuzu da danginsa, ƙuda da sauro, zuma da tururuwa, da malam buɗe littafi. Sau ɗaya ne kawai ƙwari suka sha mummunan kaye, a babbar halakar da ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce, inda manyan dangogi suka ɓace ɗungurungum. Halakar miliyan 66 da ta shafe manyan dabbobin nan irin na Gadufawa ba ta yi musu irin wannan illa ba. Conrad Labandeira da Jack Sepkoski sun nuna a 1993 cewa sirrin yawan ƙwari ba saurin haifar da sababbin dangogi ba ne, rashin saurin ƙarewa ne. Dangin ƙwaro in ya kafu yakan daɗe.

Mai karatu zai tambaya, kuma yana da gaskiya, wa ya ƙirga waɗannan miliyoyi? A cikin tokar dutse mai aman wuta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zarkon, masu ɗauke da yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a kan wani ƙayyadadden sauri da aka auna a ɗakin gwaji. In aka auna yawan wanda ya rage da yawan dalmar da ta taru, sai a san tsawon lokacin. Shimfiɗar da ke tsakanin toka biyu, shekarunta suna tsakanin nasu. Ana kuskure, ana kuma gyarawa. Daskararren ƙaron Habasha da aka sanar a 2010 an ce ya kai shekara miliyan 95, daga baya aka sake bincike aka ga bai kai rubu'in haka ba.

Maganar ƙaro tana bukatar ɗan bayani, domin ba kowane ƙaro ne ke daskarewa ba. Ƙaron dakwara yana narkewa a ruwa, damina ɗaya ta ishe shi. Wanda ke wanzuwa shi ne irin na maje da hano, mai ƙamshi, wanda ake turare da shi, ruwa ba ya narka shi. Irin wannan in ya zubo daga itace ya kama ƙwaro, ƙasa ta binne shi miliyoyin shekaru, sai ya taurare ya zama garai-garai, a ga ƙwaron da gashin ƙafarsa da idanunsa. Mafi shahara su ne na gaɓar tekun Baltik, da na Labanon mai shekara kimanin miliyan 125, da na arewacin Myanmar mai miliyan 99. Na Myanmar ya zo da nasa abin kunya, domin daga yankin da ake yaƙi ake haƙo shi, har a 2020 wata babbar ƙungiyar masana ta yi kira da a daina sayen wanda aka haƙo bayan sojoji sun karɓe ramukan a 2017. Mu da muka ga abin da zinariya ta jawo wa Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Wanda ya kalli fim ɗin Jurassic Park na 1993 kuma ya sani cewa tatsuniya ce, ƙwayoyin gado ba sa rayuwa tsawon wannan lokaci. Abin da aka samu da gaske shi ne wata macen sauro daga jihar Montana, mai shekara miliyan 46, wadda aka tabbatar a 2013 cewa akwai ragowar sinadarin jini a cikinta.

Afirka ba ta rasa komai ba. A Orapa ta Botswana, masu haƙar lu'ulu'u sun ci karo da lakar wani tsohon tafki mai shekara fiye da miliyan 90, cike da ƙwari. A Afirka ta Kudu John da Heidi Anderson sun shafe shekaru da dama suna tara ganyaye da ƙwarin duwatsun Molteno. An samu daskararren ƙaro mai ƙwari a Kwango. Ko a nan Najeriya, tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka san akwai daskararren ƙaro a duwatsun Ameki kusa da Umuahia. Amma wanda ya fi kusa da mu, ya fi kuma dacewa da irin ƙasarmu, shi ne na maƙwabciyarmu Chadi. A saharar Djurab, yankin da aka tsinci ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a 2001, Philippe Duringer da abokan aikinsa sun samu gidajen gara da suka zama dutse, masu shekara miliyan 7, da dunƙulen kashin da buzuzu ke mirginawa ya sa ƙwai a ciki. Ba jikin ƙwaron suka samu ba, aikinsa suka samu. A cikin gidajen an ga ɗakunan da gara ke noman wani irin naman kaza, kamar yadda zago ke yi yau a cikin suri: ya tauna ciyawa ya tara, naman kazan ya tsiro a kai ya narkar da ita, shi kuma ya ci. A 2016 aka samu irin wannan a Tanzaniya mai shekara miliyan 25. Wato gara ta riga ɗan Adam noma da nisan da ba a magana. Ita garar ma, binciken 2007 ya tabbatar cewa reshe ce daga dangin kyankyaso.

Akwai wani labari da ya kamata kowane makiyayi ya ji. Ƙudan tsando, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, wanda saboda shi aka tashi mutanen Anchau aka gina musu Takalafiya a zamanin Turawa, aka kuma kafa cibiyar bincike a Kaduna, yau kusan a Afirka kaɗai yake. Amma an same shi a dutse a Florissant ta jihar Colorado a Amurka, mai shekara kimanin miliyan 34, an kuma same shi a Jamus. Ya taɓa zama a can, yanayi ya sauya, ya ƙare a can ya saura a nan. Darasin a fili yake: inda ƙwaro yake yau ba nan ne iyakarsa ta har abada ba. Mun gani da idonmu a 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna, shekarar da kuma aka fara ganin tsutsar masara ta Amurka a Najeriya.

A nan ne nake ganin wannan ilimi ya daina zama na masu abin hannu, ya shigo gonar shinkafa ta Bakolori. Manomi yakan ce maganin feshin bana ba shi da ƙarfin na da. Wani lokaci jabu ne, gaskiya. Amma sau da yawa maganin bai sauya ba, ƙwarin ne suka sauya. A cikin dubu da aka fesa, 'yan kaɗan suna da wani bambanci a jikinsu da ya sa ba su mutu ba. Su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaje su. Ƙwaron da ke haihuwa sau goma a shekara, cikin 'yan damuna kaɗan gonar ta zama ta jikokin masu taurin rai. Haka ya faru da sauron zazzaɓin cizon sauro a arewacin Najeriya, har ya sa aka koma raba gidajen sauro masu ƙarin sinadari. Abin da masanin dutse yake karantawa cikin miliyoyin shekaru, shi ne malamin gona yake gani cikin shekara biyar. Wanda ya fahimci na farkon ba zai yi mamakin shawarar a riƙa sauya irin magani, a daina feshi ba gaira ba dalili ba.

Na san akwai masu jin nauyin wannan magana ta fuskar addini, kuma ban ɗauki damuwarsu da wasa ba. Musulmi ya yi imani Allah ne Mahaliccin kome. Abin da mai tsaga dutse ke tambaya shi ne wace halitta ce ta riga wata, yaushe ta bayyana, yaushe ta gushe. Alƙur'ani mai girma yana da surori da sunan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Al-Jahiz na Basra, tun ƙarni na 9, ya cika shafuka da bayanin ƙuda da sauro da tururuwa a littafinsa na dabbobi. Al-Biruni ya dubi duwatsun ƙasar Indiya ya ce wurin teku ne a da, Ibn Sina kuma ya yi bayanin yadda halitta ke komawa dutse. Magabatanmu ba su ji tsoron duba ƙasa ba. Inda aka zo maganar asalin ɗan Adam, nan malamai suna da abin faɗa, a kuma saurare su. Amma wannan bai hana ɗalibi Musulmi ya auna fiffiken tsohuwar fara ya rubuta abin da ya gani ba.

Sai mu dawo Bakura, a faɗi gaskiya ba tare da zuzutawa ba. Yawancin abin da ke fili na duwatsun Gundumi tsakuwa ce da yashi mai kaushi, irin wanda ruwa mai ƙarfi ke ajiyewa, kuma wannan niƙe fiffike yake yi. Duwatsun teku na Dukamaje da Kalambaina su ma ba wurin ƙwari ba ne. Wanda ya ce za a je gobe a kwaso ya yi ƙarya. Amma a tsakanin yashin akwai shimfiɗun laka da suka taru a ruwa mai kwanciya, kuma irinsu ake nema. Itatuwan da suka koma dutse ana iya yanka su a duba ko akwai hujin gara ko na ƙwaro mai cin itace. A duwatsun Gwandu akwai shimfiɗun gawayin ƙasa mai laushi, kuma a duniya sau da yawa tare da irinsa ake samun daskararren ƙaro. Tsofaffin gidajen gara irin na Chadi ba sa bukatar laka mai laushi kwata-kwata, ido suke bukata wanda ya san abin da yake nema. Akwai kuma wani dalilin fata. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi arzikin tsofaffin ƙwari a duniya shi ne Crato a arewa maso gabashin Burazil, mai shekara kimanin miliyan 113. A wancan lokaci tekun Atlantika bai gama raba Burazil da Afirka ta Yamma ba, wannan yanki maƙwabcin Najeriya ne. Ƙwarin Crato 'yan'uwan waɗanda suka rayu a nan ne.

Cikas na farko kowa ya san shi. Babu masanin da zai zauna a daji da guduma tsakanin Maradun da Bakura a halin da ake ciki. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agustan 2021, suka sace ɗalibai da ma'aikata, bai fita daga zukatan mutane ba. Amma akwai aikin da ba sai an shiga daji ba. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 ake tona ƙasar nan, a yi magudanan ruwa, a yi titi, a ɗebi tsakuwa. Masu ginin rijiya da masu ɗibar yumɓun tukwane a gefen tafkin Natu da sauran fadamu suna ratsa shimfiɗun da farfesa zai biya kuɗi don ya gani. Su ne idanun farko, babu dai wanda ya taɓa nuna musu hoton abin da za su lura da shi, ko ya gaya musu inda za su kai.

Cikas na biyu shi ne wanda ya fi damuna, wato rashin haƙuri da ilimin da ba ya kawo kuɗi nan take. Ɗalibin ilimin duwatsu a yau hankalinsa yana kan man fetur da zinariya da rijiyar burtsatse, ba laifinsa ba ne, nan abinci yake. Carpenter bai yi shekara sittin a kan fiffike ba sai don akwai jami'ar da ta ba shi ɗaki da akwatuna da albashi, ta kuma bar shi. In ba mu reni namu ba, ranar da aka samu wani abu baƙo ne zai zo ya ɗauka, sunan ƙauyenmu ya hau kai, abin kuma ya tafi. Ƙasusuwan da Swinton ya yi wa bayani a 1930 Landan aka kai su. Burazil sai da ta yi doguwar gwagwarmaya kafin Jamus ta mayar mata da wata tsohuwar dabba tata a 2023.

Kirana ga Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da Kwalejin Bakura, ba mai tsada ba ne. A ware ɗaki ɗaya da kabad da littafin rajista, inda duk wanda ya tsinci itacen dutse ko ɓawo ko faifan laka mai zanen ganye ko fiffike zai kawo, a rubuta wurin da zurfin da ranar, domin dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin darajarsa. A ƙulla alaƙa da sassan ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello, da ma'ajiyar ƙwari ta Samaru, da Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya wadda take aiki tun 1919. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauki nauyin ɗalibi ko da guda ɗaya, ɗan wannan yanki, ya je ya koyi wannan fanni har digiri na uku, da alkawarin aiki in ya dawo. Kai kuma mai karatu, in aikinka ya haɗa ka da tonon ƙasa, ka ga wani abu da ba ka saba gani ba a jikin dutse, kada ka fasa shi, kada ka sayar wa dillali. Ɗauki hotonsa da wayarka a inda yake, ka riƙe sunan wurin, ka kai wa malamin kimiyya mafi kusa da kai.